Ɗayyabu Mene-Haɗi da Rijiyar Fadama

A ƙauyen nan da ke tsakanin Kudan da Makarfi, in ka ce kana neman gidan Malam Ɗayyabu sai a tambaye ka wanne daga ciki. Amma ka ce Mene-Haɗi, ko mai tallar gyaɗa ta nuna maka ƙofar. Manomin rake ne da albasa, dogo, siriri, gemunsa ya fara fari. Boko bai taka ba, allo ma bai yi nisa ba. Abin da Allah Ya ba shi kunne ne: in ana gardama yana jin inda magana ta goce, kamar yadda mai keke ke jin sarƙa ta sauka tun bai duba ba. Shi ne mutumin da wata bazara aka tara gari za a kori Abednego bakanike domin a share masa hawaye, alhali ko ɗigo bai zubar ba. Amma bari a faro daga tushe.

Yana ƙarami wata gwaggonsa ta zo ganin gida daga Paki. Washegari katangar bayan gida ta rufta. Nan da nan matan gida suka haɗa kai a madafi: ai dama farar ƙafa gare ta, bara ma da ta zo tunkiya ta mutu. Ɗayyabu yana gefe yana shan rake, sai ya ɗago kai.

"Mene haɗin Gwaggo da katanga? Ai tun farkon damina ruwa ke cin gindinta."

Ya sha mari, irin wanda har ya tsufa yana cewa kunnensa na hagu bai yafe ba. Gwaggon ta koma Paki ba ta san an yi ba. Sunan kuwa ya manne masa.

Da ya girma halin bai sake shi ba, sai ma ya ƙara kauri. A teburin mai shayi wani zai ce irin albasar da Barnaba na Kurmin Kogi ke kawowa ba shi da kyau. A tambaye shi dalili, ya ce ai mutumin marowaci ne, ko ruwa ba ya ba baƙo. Sai Ɗayyabu ya ajiye kofi.

"To rowar tasa za ka shuka? Ana maganar iri, ka bar iri ka kama mai iri."

Wani direban Ikara ya taɓa zubar musu da lodin rake a kwana, aka wayi gari ana cewa direbobin Ikara duk mahaukata ne. Ɗayyabu ya tambaya ko nawa daga cikinsu aka hau motarsu. Lokacin siyasa kuwa abin sai ya zama kamar sana'a. A ce ɗan takarar wane bai gyara hanya ba, mai kare shi ya ce ai naku ma da ya hau bai gyara ba. Ɗayyabu ya ce, "Madalla. Hanyar ta gyaru ke nan?"

Har cikin gida bai bari ba. Wata shekara matarsa Murja ta ce a rage rake a ƙara masara, tunda rake ba ya shiga tukunya. Ƙanensa Jumare ya zabura: wato so take su bar noma su koma zaman gindin bishiya! Ɗayyabu ya ce, "Ragewa ta ce. Barin noma kai ka faɗa, ka sa mata a baki, yanzu kuma kana faɗa da shi. Ka amsa wadda ta yi."

Amma wadda ya fi tsana duka, wadda ko yana tsakiyar loma sai ya tanka, ita ce "kowa ya sani," da 'yar'uwarta "kowa haka yake yi."

"Kowa ɗin nan ɗan gidan wa ne?" in ji shi. "A kira mini shi in tambaye shi inda ya gani."

Kada ka ɗauka ana son sa saboda wannan. Ina! Wa ke son mutumin da zai tsaya masa a maƙogwaro ana cikin hira mai daɗi? Sau nawa samari suka hango shi tafe suka sauya zance. Murja kanta takan ce, "Malam, kai ko gishiri aka ce ya yi yawa a miya sai an kawo maka shaidu." Sai dai ranar da iyakar gona ta rikice, ko aka saɓa kan wanda zai fara ban-ruwa, gidansa ake aikawa. An san bai damu da wanda ya fi murya ko wanda ya fi babbar riga ba, kuma ba ya jin nauyin ya ce wa amininsa maganarsa ba ta haɗu ba.

Mutum ɗaya ne a duniya bai taɓa yi wa "mene haɗi" ba: ɗansa na fari, Zayyad. Ba wai yaron ba ya kwaɓa magana ba ne. Kunyar ɗan fari ce, irin ta mutanen da, wadda Ɗayyabu ya riƙe fiye da duk sa'anninsa. Bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" yake cewa, Murja kuma ta ce "wancan." In yaron ya kwanta zazzaɓi, sai dai uban ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya ko an ba awaki ruwa, yana satar kallon shimfiɗa. Ka ji mutumin da ke tankaɗe maganar kowa, amma wannan al'ada bai taɓa neman hujjarta ba. Jumare ne ya yi uban a fili. Shi ya ɗauke shi a kafaɗa zuwa kasuwa, shi ya koya masa babur, shi ya karɓa masa auren Firdausi. Zayyad ya tashi ƙaƙƙarfa, mai yawan dariya, mai saurin hannu, har aikin fadama duk ya koma wuyansa.

Abednego kuwa daga kudancin Kaduna ya zo tun yana saurayi, ya kafa rumfa a bakin titi yana gyaran babura da injinan ban-ruwa. Nan ya kawo matarsa Diana, nan suka haifi 'ya'yansu, waɗanda in suna Hausa ba ka raba su da 'ya'yan gari. Ranar Lahadi ya rufe rumfa ya tafi coci, sauran ranaku hannunsa na cikin baƙin mai. Yana cikin 'yan ƙalilan da ke jin daɗin halin Ɗayyabu. In tsohon ya kama shi da karkatacciyar magana sai ya tuntsire da dariya ya ce, "Baba, ka kama ni, a sake lale."

A bazarar da ake magana, ruwan rijiyoyin fadama ya yi ƙasa ƙwarai, har inji in yana bisa ba ya iya jawo shi. Abin da manoma ke yi a irin wannan lokaci shi ne su sassaƙa ɗan dakali a jikin rijiya daga ciki, su ɗaure inji da igiya su zura shi ya zauna a kai, kusa da ruwa. In ya mutu, wani ya sauka ya tayar. Injin su Ɗayyabu dama yana ta tari, sai Zayyad ya kai wa Abednego ya canja masa fulogi. Washegari da hantsi Zayyad ya zura shi a rijiya, shi da wasu 'yan ƙwadago biyu da suka zo daga wajen Janfalan. Jumare ya tafi kasuwar Makarfi da rake. Ɗayyabu yana gefe da fartanya, yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangalin albasa zuwa wancan.

Inji ya yi aiki ya yi aiki, sai ya mutu. Hayaƙi na fitowa daga bakin rijiyar a hankali, shuɗi-shuɗi. Zayyad ya tuɓe riga ya kama igiya. Ɗayyabu ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "A bari hayaƙin ya fita mana."

"Baba, albasa na ƙonewa. Ai kowa haka yake yi."

To ga ta nan, maganar da bai taɓa bari ta wuce a bakin kowa ba. Amsar ma tana kan harshensa. Amma ga baƙi biyu suna kallo, ɗaya har ya fara murmushi. Ya tsaya yana ja-in-ja da ɗan fari don tsoron kada wani abu ya same shi? Gobe a kai teburin shayi cewa Mene-Haɗi ya hana gandamemen ɗansa shiga rijiya sai ka ce jariri? Sai ya sunkuya ya ci gaba da gyaran bakin fangali.

Zayyad ya sauka. Ɗayyabu ya ji an ja igiyar inji, ya ji ya tashi. Ruwa ya taho ta tiyo ya wuce ta gaban ƙafarsa. Can sai ɗaya daga 'yan ƙwadagon ya leƙa ya ce, "Kai, ya zauna fa." Ɗayan ya leƙa, ya yi salati. Abin da ya biyo baya a gutsure Ɗayyabu ke tuna shi: an riƙe shi ta baya, an jawo inji sama, an yi ta ihu, mutane sun taho a guje ta cikin rake. Da aka fito da Zayyad jikinsa ba ko ƙwarzane. Aka shimfiɗe shi a kan buhunan taki, ruwa na ɗiga daga wandonsa. Ɗayyabu ya lura bakin fangali ɗaya a buɗe yake, ya je ya toshe shi.

Daga ranar wani abu ya ɗauke a cikinsa. Ba baƙin ciki ba ne, da baƙin ciki ne da ya gane shi. Ya yi sallar gawa, ya zauna karɓar gaisuwa, yana amsa "amin" daidai inda ake amsawa. Abinci ya zo ya ci, bai san ko tuwo ne ko ƙasa ba. Mutane suka yi ta yabo: kai, Malam Ɗayyabu akwai tawakkali, ka ga ko idonsa bai yi ja ba. Yana ji, kunnen nan nasa da ba ya hutu ya gaya masa wannan ma ba ta haɗu ba, busasshen ido ba shi ne haƙuri ba. Bai gyara musu ba. Jumare kuwa ya yi kuka har muryarsa ta dushe, yana ta maimaita cewa da bai je kasuwa ba. Abednego da Diana suka zo gaisuwa, aka amsa musu kamar kowa. 'Yan ƙwadago suka koma garinsu. Da aka share makoki Ɗayyabu ya ci gaba da zuwa fadama, don ƙafarsa ta saba da hanyar. Albasar ta yi kyau a shekarar, ya tsaya yana kallonta bai ji komai ba.

Ba a san bakin da ya fara ba. Kafin ka ce me, magana ta zagaye gari: jiya an kai inji wurin bakanike, yau ya kashe mutum. Daga nan ta yi 'ya'ya. Wani ya tuna shekarun baya injin niƙa ya cinye wa wani yatsa, shi ma Abednego ya taɓa sa masa hannu. Wani ya ce dama mutanen can ba a sanin cikinsu. Rumfar bakin titi ta koma fayau, mai babur ya gwammace ya tura abinsa har Kudan. Diana ta daina zuwa famfo sai ta ga ba kowa. Jumare ya je wurin mai unguwa Inuwa ya ce ko dai a sallami mutumin nan da iyalinsa kafin ruwa ya sauka, ko shi ba zai iya riƙe samari ba. Mai unguwa ya sa ranar zama.

Da safen ranar, Ɗayyabu na sa hula, Murja ta tsaya a ƙofar ɗaki. Tun rasuwar ba ta yi masa doguwar magana ba. Ita ma kunyar ta hana ta kuka a gaban mata, sai dai ta shige bayan rumbu ta jima ta fito.

"Malam, in ka je ka yi shiru. Na roƙe ka. Sau ɗaya dai a rayuwarka ka bar magana ta wuce."

Ya ci gaba da gyara hularsa.

Ta ce, "Ban ce bakanike ne ya yi ba. Ban sani ba, ba na kuma son in sani. Ka bar mini wanda zan ji haushi, in ba haka ba ƙirjin nan fashewa zai yi."

Ba ta san ya riga ya bar magana ta wuce sau ɗaya ba, don bai gaya wa kowa abin da aka faɗa a bakin rijiya ba. Ya ce, "To," ya fita. Kuma har ga Allah da niyyar shirun ya fita.

Zauren mai unguwa ya cika har waje. Aka ba Ɗayyabu buzu kusa da mai unguwa. Abednego yana durƙushe a bakin ƙofa da hularsa a hannu, ya rame, ya wanke hannuwansa tas, abin da ba a saba gani ba. Aka yi addu'a, aka gaisa, sannan Jumare ya fara.

"Ranka ya daɗe, maganar ba ta da tsawo. Injin nan shekara da shekaru muna aiki da shi bai taɓa kashe ko ƙadangare ba. Ya shiga hannun mutumin nan yau, gobe ya kashe mana yaro. Me ya rage?"

Zaure ya ɗauki "ƙwarai kuwa." Ɗayyabu yana kallon tabarma. A cikin kansa katangar gidansu ta sake ruftawa, ga Gwaggo tana ɗaure kayanta. Ya kau da tunanin. Wallahi so yake maganar Jumare ta zama gaskiya. Da za ta zama gaskiya, da ya sami abin da zai ji, ko da ƙiyayya ce.

Wani dattijo, Baba Gambo, ya ce shi tun zuwan bakanike bai yarda da shi ba, mutumin da ba ka san kabarin kakansa ba. Wani daga baya ya ce in aka bar wannan, gobe injin wani ne, jibi rijiyar sha, daga nan sai a wayi gari garin ba nasu ba. Wani kuma ya ce ai duk garin nan bakinsu ɗaya, a ce duka sun yi kuskure?

Mai unguwa ya juya. "Abednego, kana da abin da zai nuna ba kai ba ne?"

"Ranka ya daɗe, fulogi na canja. Fulogi kawai. Ban san yadda zan nuna abin da ban yi ba."

"Kun ji ko," in ji Jumare. "Ba shi da hujja."

Kowace magana ta faɗo, Ɗayyabu na jin inda ta goce. Ba so yake ba, kunnen ne ke aikinsa ba da shawarar mai shi ba. Ya riƙe bakinsa gam. Har mai unguwa ya gyara murya zai yanke, sai ya ga ya kamata a ba uban mamaci girmansa.

"Malam Ɗayyabu, kai aka yi wa rashi. Ka yarda da abin da jama'a suka gani?"

Shiru zai iya, ya ma yi alkawarinsa. Amma yanzu zaure duka na jiran ya buɗe baki ya ce ya yarda. Ya gwada, ta ƙi fita.

"Me suka gani?" ya ce. Muryar ba hawa ba sauka, kamar mai tambayar hanya. "A cikin zauren nan wa ke bakin rijiyar?"

Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"To ba gani aka yi ba, ji aka yi. Jumare, ka ce an gyara inji yau, gobe ya kashe. Ranar da aka gyara shi ni ma na yi aski, a gidana kuma an dafa wake. Don abu ya riga abu ba shi ne ya haife shi ba. Sai ka nuna mini ta inda fulogi ya bi ya shaƙe mutum."

"Yaya!" in ji Jumare.

"Baba Gambo bai san kabarin kakansa ba. Ni ma ban sani ba. Mene haɗin kabarin kakansa da hayaƙi? An ce in an bar shi gobe rijiyar sha, jibi gari. Tun yana saurayi yake nan, wace rijiya ya taɓa? An ce ya kawo hujjar ba shi ba ne. Ni ma yau in aka ce in kawo hujjar ba ni na saci akuyar da ta ɓata bara ba, ba ni da ita. Wanda ya ɗora laifi shi ke kawowa. Yawanmu kuma ba shaida ba ne, tunda bakin mutum ɗaya muke maimaitawa."

Jumare ya miƙe tsaye, hawaye har gemu. "Yaya, ɗanka ne fa! Ga Firdausi can da goyo! Yau sai ka zaɓa, ko jininka ko baƙo."

"Firdausi na can da goyo, gaskiya ne. Tausayinta bai gaya mana wanda ya yi ba. Zaɓin nan naka kuma, wa ya ce biyu ne kaɗai?" Ɗayyabu ya juya wajen samari. "A ɗauko injin, yana zaurena."

Aka kawo shi aka ajiye a fili, ƙofar zauren mai unguwa. Lakar rijiya ta bushe a jikinsa. Ɗayyabu da kansa ya ja igiya. Bugu ɗaya ya tashi, lafiyarsa lau, yana fitar da hayaƙi shuɗi iska na kwashewa. Ya bar shi kaɗan, sannan ya kashe.

"Hayaƙin nan wane inji ne ba ya yi? Na Baba Gambo na yi, na mai unguwa na yi. A nan iska ta ɗauke. A cikin rami ina zai je?" Ya tsaya yana kallon injin. "Ni ina wurin. Na ga hayaƙin, na ce a bari ya fita. Zayyad ya ce mini kowa haka yake yi."

Ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinsa. Shi kansa baƙo ya ji shi a harshensa, kamar sunan ɗan wani gari.

"Duk kun san abin da nake cewa in an yi mini wannan magana. Ranar ban ce ba. Kunyar 'yan ƙwadago na ji." Ya goge hannunsa a jikin riga. "Kuma gaskiya yaron ya faɗa, kowa haka yake yi. Yanzu haka da muke tsaye, injuna nawa ke cikin rijiyoyi a fadamar nan? Ku kori Abednego, suna nan inda suke."

Jumare ya zauna a ƙasa inda yake, ya rufe fuska da hannu. Mai unguwa ya yi 'yan maganganu kan ƙaddara da haƙƙin maƙwabtaka, ya ce ba a sami abin kama bakanike da shi ba, a tashi. Aka watse ba hayaniya, kowa na neman takalminsa sai ka ce shi ne babban aiki. Abednego ya matso ya durƙusa zai yi godiya. Ɗayyabu ya ce, "Ba don kai na yi ba." Ba da faɗa ya faɗa ba, haka abin yake ne kawai. "Je ka buɗe rumfa."

Abednego yana nan har yau. Ba duka suka koma masa ba, akwai masu tura babur Kudan har gobe, in ka tambaye su dalili su ce haka nan dai. Wasu sun daina zura inji a rijiya, wasu ba su daina ba, don albasa ba ta jira. Ɗayyabu ya rage zuwa teburin shayi. In ya je ma ana iya kwaɓa magana a gabansa ya ci gaba da shan shayinsa, sai dai "kowa haka yake yi" har yanzu ba a yin ta in yana wurin.

Amma a ranar zaman, da ya koma gida bayan la'asar, labari ya riga shi. Murja na zaune a tsakar gida da faifai a cinya tana tsintar wake. Ba ta ɗago ba.

"An ce ka kira sunansa."

"Na kira."

"A gaban mutane."

"E."

Ta ci gaba da tsinta, tana fitar da tsakuwa tana ajiyewa gefe. "Ni ban taɓa ba," ta ce. Can kuma ta ce, "To yanzu wa ka bar mini?"

"Ni."

Ta ɗago ta dube shi, ta daɗe tana dubansa. Yana tsaye yana jira, har fata yake ta yi ihu, ta jefe shi da faifan, ko wani abu ya motsa a ƙirjinsa.

"Kai in na ji haushinka, da wa zan zauna?"

Ta tashi ta shiga madafi, ta fito da kwano ta ajiye masa, ta kawo ruwa. Ya wanke hannu ya ci. Ita ba ta ci ba, ta koma kan wakenta. Daga bakin titi ana jiyo Abednego yana gwada wani inji da aka bari a rumfarsa tun kafin rasuwar: ya tashi, ya mutu, ya sake tashi.